Da Gangan Na, In Ji Mansur

A Madawa, in ka bi layin masu gyaran salula da ke bayan tasha, rumfar da ta fi kowace ƙara ita ce ta Mansur. Sana'arsa tura wa mutane fina-finai a waya: na Indiya, na Sin, na yaƙi, na aljanu. Amma in ka kuskura ka kira shi mai tura fim, ranar ba ka samun fim. Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Reyalizater, wato mai shirya fim, har ya sa aka rubuta shi da jan fenti a goshin rumfar.

Asalin sunan kuwa, ya taɓa zuwa biki Yamai, ya tarar ana ɗaukar tallan sabulu a bakin titi, aka ce ya riƙe wa mai kamara lema. Ya riƙe har hannunsa ya sage. Tun daga ranar, in ya buɗe baki sai ka ji, "Lokacin da muna aiki Yamai..."

Wata rana da bazara samari sun cika rumfar suna kallon fim ɗin Sin a odinater, wato kwamfuta. Jarumin ya tashi sama, ya doke ƙarti, ya dira. Kowa ya yi shewa, Mansur ya ja tsaki.

"Ku duba wauta! Rigatai ta yage can baya, ga ta nan ɗunke. Wa yaɗ ɗunke ta, cikin iska? Waɗanga mutane ba su san aiki ba."

Jonatan mai ɗaukar hoton biki yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Mutum ne mai sanyin rai, ba abin da ya fi so kamar ya zuga mutum ya koma gefe yana kallo. Ya ce, "To, Reyalizater, kai ka yi naka mana mu gani."

"Ka ɗauka ban iyawa?" Mansur ya miƙe tsaye. "Parodi za ni yi!"

"Parodi mi na?"

"Fim na mai yi ma sauran fina-finai dariya. Na Sin, na Indiya, duk in haɗa su in kunyata su. In ya hita, masu fim na duniya su rasa inda za su sa kansu."

Kafin la'asar labari ya gama tasha. Sunan fim Damisar Dutsen Buza. A zamanin kakanni ne, tun Nasara bai zo ba: Sarkin Sin ya shigo Adar ya sace Gimbiya, jarumi Damisa ya hau raƙumi ya bi sawu. Mansur ya ɗauki Sufyanu mahauci a matsayin Damisa, saboda faɗin ƙirji da cikar gemu. Matsayin Sarkin Sin ya faɗa kan Aliyu mai shayi, gajere mai tumbi. Gimbiya kuwa Rahila ce, matar Jonatan, wadda ke aiki a likitar mishan, wato asibiti, ta kuma saba wasan kwaikwayo a coci. Raƙumi aka aro wurin wani Buzu daga wajen Keita.

Da ya koma gida ya zayyana wa matarsa Fiddausiya. Ta ajiye muciya ta dube shi.

"Baban Rufaida, kai da hoton suna ka ɗauka kay yanke ma jinjira kai?"

"Wancan salo na. Ba ki san sinima ba."

Ranar farko suka ɗunguma gindin duwatsu kan hanyar Buza. Jonatan ya kafa kamara. Mansur ya ɗora hula mai baki, ya naɗe kwali ya yi lasifika, ya daka tsawa: "Aksiyon!"

Raƙumi ya durƙushe.

Aka tashe shi. "Aksiyon!" Ya sake durƙushewa, Sufyanu ya zamo ta wuya. Mansur ya ce, "Kupe!" wato a tsaya, sai raƙumi ya miƙe ya kama tafiya. Buzun ya ce shi bai san dalili ba, dabbar ba ta yi lakkol ba, wato makarantar boko. Dole aka juya: in ana son fara ɗauka Mansur ya ce kupe, in ana son tsayawa ya ce aksiyon. 'Yan wasa suka rikice, wasu na farawa wasu na tsayawa.

Aka samu dai aka shiga wurin da Damisa zai fuskanci Sarkin Sin. Sufyanu ya zare takobi, agogo na walƙiya a hannunsa. Ɗan kabu-kabu ya ratsa ta bayansu ɗauke da bidon na esans, wato jarkar fetur, har da ɗaga hannu. Aliyu ya buɗe baki zai yi barazana, sai salula ta yi kuka a aljihunsa. Ya ɗauka.

"Alo? Ina cikin yaƙi. In na ƙare ni kira ka."

Jonatan ya ce, "Mu sake?"

"A'a, batiri na tahiya. Ga montaj za mu cire."

"Kai na reyalizater," in ji Jonatan, ya jefa gyaɗa a baki.

Montaj shi ne yanka da haɗa fim a odinater. Mansur bai taɓa yi ba, amma ya ji ana faɗa a Yamai, kuma a ganinsa wani irin sabulu ne mai wanke kowane datti.

Ya yi alkawarin gamawa kafin ruwan fari. Sai dai Sufyanu ba ya samuwa ranar kasuwa, Rahila ba ta samuwa sai ranar hutunta, Jonatan na bin bukukuwa. Layya ta zo, mahauci ya ɓace cikin raguna. Kafin a sake haɗuwa damina ta sauka. An riga an ɗauki Damisa a fili fetal, ƙasa ja, yana tambaya, "Ina Gimbiya?" Da aka dawo ɗaukar amsar, gero ya fi kan mutum a wurin.

Jonatan ya ce, "Reyalizater, hatsi ya tsiro."

"Wa ka kallon hatsi? Huska aka kallo."

Buzun kuma ya kwashe dabbobinsa ya yi arewa, raƙumi ya bi. Mansur ya aro sa na amalanke, ya ce daga nesa duk tozo ne. San ya fito a wuri biyu kacal cikin fim, mai shi ya karɓe abinsa. Daga nan Mansur ya lulluɓe motonsa, wato babur, da tabarma, ya ɗaura muciyar Fiddausiya a gaba a matsayin wuya, ya kifa ƙoƙo a kanta. Ƙarti biyu na turawa a duƙe, Sufyanu na bisa yana rangaji.

Ana cikin haka wutar tukuba ta lashe wa Sufyanu rabin gemu, ya je ya aske sauran. Mansur ya ga haɓa sumul, ya dafe kai. Ya samo gashin bunsuru a mayanka ya manna masa da ƙaro. Gemun ya zauna, sai dai wari. Duk inda Damisa ya nufa awakin unguwa na biye da shi, wata ma ta miƙe ta dafa ƙirjinsa ana tsakar jawabin soyayya.

Rahila ma ta fara sauyawa. Da farko Mansur ya ɗauka tuwo ne. Da ciki ya fito fili ya ja Jonatan gefe.

"Haba Jonatan! Ba ka iya jira mu ƙare fim?"

"Ban gani ba cikin sharuɗɗa."

Aka ci gaba. In an zo wurinta sai a ba ta tulu ta rungume, ko a tsayar da ita bayan rumbu. Ita ma ba ta raga masa ba. Ranar da aka harbi Damisa da kibiya, Mansur ya ce ta sa kunne a damansa ta saurari zuciya, sannan ta rataya masa ledar ƙarin ruwa a reshe.

"Zuciya hagu take, Mansur. Kuma wa yab ba kakanninmu serom?"

"Parodi na, Madam. Ke dai yi kuka."

Ta yi kuka, kafaɗunta na rawa, don dariya ce ta ci ƙarfinta.

Da aka yi girbi samari suka fara tafiya cin rani. Wata safiya Mansur ya je shan shayi ya tarar da tebur a kife. Sarkin Sin ya hau mota, ya yi Abijan. Bai yi wata-wata ba ya kama Yalwa tela, dogo siriri kamar karan dawa, ya zura masa rigar Aliyu. Rigar ta tsaya masa a cibiya.

Saura babban yaƙi, wanda Mansur ya ce shi zai girgiza duniya. Yana son fili kore shar irin na fim ɗin Indiya, ga shi sanyi ya shigo, daji ya bushe. Koren da ya rage a ƙasar sai garaken albasa a fadama. Wadda ta fi kyau kuwa ta surukinsa ce, Baba Jima, mahaifin Fiddausiya, tsoho mai zafin rai wanda ke ji da albasarsa kamar jikokinsa. Mansur ya ji labari tsohon ya tafi ta'aziyya Tabotaki.

Ya ce wa kansa, "Gehe ɗai za mu tsaya."

Ya tara samarin da suka rage a gari, ya raba musu sanduna. Aka fara da wurin da ake ɗaure Gimbiya a jikin mangwaro. Rahila ta riga ta haihu, ta zo da goyo. Aka nemi igiya aka rasa. A gefen garkar akwai jakin Sulemanu a ɗaure. Sulemanu tsohon mai gadin likitar mishan ne, maƙwabcin Baba Jima, amininsa tun suna samari, kullum da yamma suna dara a gindin bedi, wato dogon yaro. Mansur ya sa aka kwance jakin aka ɗaure Gimbiya. Ana gama wurin jinjiri ya tsala kuka, Jonatan ya ɗauki matarsa a moto suka wuce, ya bar wa Mansur kamara a kafe.

Mansur ya leƙa ta kamara, ya ga kore ya cika ido. Daɗi ya kwashe shi. Ya manta suruki, ya manta gefe. Ya ɗaga kwali ya yi ta ihu, rundunar Adar da rundunar Sin suka auka cikin albasa. Aka yi ta dambe, ana birgima, ana tsalle, ana mutuwa ana tashi.

Da ƙura ta lafa ya dubi garka. Kamar garken shanu ya kwana a ciki. Ya tada injin ban-ruwa ya saki ruwa, wai ko albasar ta farfaɗo. Garka ta koma taɓo, sawun mutane ya narke.

"Kowa shi kama bakinai," ya ce da samarin. "Duk da ku anka yi."

Suka watse. Ba wanda ya tuna da jaki.

Washegari Baba Jima ya dawo, ya tarar da jakin Sulemanu tsaye a tsakiyar ɓarna, taɓo har gwiwa, ganyen albasa a baki. Ihun da ya yi sai da aka ji a bakin hanya. Sulemanu ya rantse cewa da hannunsa ya ɗaure dabbar. Jima ya ce to aljani ya kwance ta? Magana ta yi tsami, aka tono har ta shekarun baya. Mai unguwa ya yanke cewa jakin zai zauna ɗaure a ƙofarsa sai an ga abin da ya tsira. Sulemanu, da tsufansa, ya koma ɗaukar bidon na ruwa a kafaɗa. Dara ta mutu a gindin bedi. In tsofaffin biyu suka haɗu a lungu, kowa sai ya dubi bango.

Jonatan ya tambayi Mansur ko da hannunsu a ɓarnar, shi kuwa ya ce ai suna tafiya su ma suka tashi. Fiddausiya ta yi ta share hawaye.

"Baba bai cin abinci. Ba albasar ta hi yi mai zahi ba, Baba Sule na."

Mansur ya ce, "Jaki ba shi da hankali," ya ture kwanon tuwo gefe.

Abin ya dame shi, ba a ce bai dame shi ba. Ya kulle kansa a rumfa yana montaj da niyyar goge yaƙin gaba ɗaya. Ya kalla sau ɗaya. Ya sake kalla. Kai, yaƙin ya yi kyau! Ya ce a ransa albasa duk albasa ce, wa zai gane ta wani? Ya ɗora kiɗa mai ƙarfi a kai don ya rufe surutu, ya bar shi. Sauran abubuwan da ya ce zai cire kuwa, ya tarar in ya cire moto sai jarumi ya tafi da shi, in ya cire salula sai Sarkin Sin ya ɓace. Ya bar kowa da kayansa.

Aka sa ranar nunawa. Ya samu ɗakin taron samari, aka toshe tagogi da tabarmi don a yi duhu, Jonatan ya aro majigin coci, aka rataya zanen gadon Fiddausiya a bango. Bayan la'asar ɗaki ya cika har ƙofa: 'yan tasha, mahauta, matan likita, mutanen Bangi da suka zo cin kasuwa. Mai unguwa na gaba. Baba Jima a wannan ƙarshen benci, Sulemanu a wancan, tsakaninsu kamar rafi.

Mansur ya fito cikin kwat da baƙin tabarau.

"Jama'a, yau Adar ta shiga tarihi. Kun saba kallon fim na ƙetare cike da kurakurai. Yau za ku ga aikin wanda yas san aiki."

Aka kashe fitila. Murya ta fito daga lasifika, muryar Mansur ce ya kumbura ta: "A zamanin da, tun babu mota, babu moto..." Ɗan kabu-kabu ya ratsa allo da bidon ɗinsa yana ɗaga hannu.

Ɗaki ya fashe. Wani ya yi ihu daga baya, "Ga ni nan! Wallahi ni na!"

Mansur ya ji gumi ya tsatso masa. Sai dabara ta zo. Ya juyo ya ɗaga hannu.

"Da gangan na! Parodi ke nan. Dariya muka yi ma masu irin wanga kuskure."

Aka yi tafi. Ya ji daɗi, ya gyara kwat.

Damisa ya hau raƙumi ya ce, "Za ni yi gabas, in kwana Tawa." Wani direba ya miƙe. "Gabas? In ka yi gabas sai Maraɗi! Wanga ba shi kai ko Karofane."

"Da gangan na!"

Damisa ya shiga bayan dutse a kan raƙumi, ya fito a kan sa na amalanke. Ya shiga bayan kuka a kan sa, ya fito a kan wata halitta mai taya. Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha! Wace cuta ta kama raƙumin ga?" Daga sashen mata aka ji muryar Fiddausiya: "Muciyata! Ashe nan take!"

"Da gangan na!"

Damisa ya tsaya a jar ƙasa ya ce, "Ina Gimbiya?" Aka amsa masa daga cikin gero mai kai. Ya juyo da gemu, ya waiwaya babu gemu, ya sake juyowa da gemun bunsuru a karkace da akuya a ƙirji. Wani manomi ya ce, "Ku ba mu irin hatsin ga, tsakanin tambaya da amsa ya nuna!" Sufyanu ya ja hula ya rufe fuska, mahauta na bubbuga masa baya.

Sarkin Sin ya shiga bukka gajere mai tumbi, ya fito dogo cibiya a waje.

"Mi yas same shi?"

"Jinya yay yi," in ji Mansur.

"Jinya na ƙara tsawo?"

"Ta Sin na ƙarawa!"

Sai Gimbiya. Ta ruga cikin ɗaki siririya, ta fito da ciki ya kai wuya. Ta faɗi a sume, ta farfaɗo da goyo. Ta juya ta ce wa Damisa, "Ban taɓa kallon wani namiji ba sai kai," ga ta siririya kuma. Mata suka yi ta faɗuwa a jikin juna. Wata ungozoma ta ce a kawo mata wannan ɗaki likita, aiki ya yi sauƙi. Rahila da kanta ta fi kowa dariya, jinjirin na tsalle a cinyarta.

Wani daga cikin 'yan tasha ya ce, "Reyalizater, ka hwaɗi gaskiya. Wanga kam kuskure na."

Abin ya sosa Mansur. Dariyar ta riga ta hau masa kai, yana jin kamar shi ya raba wa kowa ita da hannunsa. Ya sa Jonatan ya tsayar da fim, ya haye benci.

"Ku saurara! Duk abin da ac cikin fim ɗin ga, tun daga hwarko har ƙarshe, ni na tsara shi da hankalina. Ko ƙuda kunka gani, ni nac ce shi wuce. Babu kuskure ko guda. Da gangan na! Ku shaida!"

"Mun shaida!" in ji ɗaki.

Mai unguwa ma ya gyaɗa kai. "Mun shaida."

Aka ci gaba. Allo ya koma kore shar, kiɗa ya tashi. Ga Gimbiya a jikin mangwaro. Ga wani sojan Sin can gefe ya duƙa yana kwance igiya daga ƙafar jaki. Sulemanu ya gyara zama. Kamara ta juya, ga injin ban-ruwa ja, an ɗaure bakinsa da tsumma shuɗi, ga tsohuwar riga a kan sanda don korar tsuntsaye. Baba Jima ya daina taunar goro.

Runduna biyu suka auka cikin albasa. Samarin da ke cikin ɗakin suka fara zamewa ƙasan benci. Mansur na addu'a kiɗa ya riƙe. Kiɗan kuwa ya fi yaƙin gajarta. Ya yanke ɗif, sai muryar Reyalizater ta cika ɗakin, tsaf kamar yana kunnen kowa:

"Ku shiga ciki! Ku tattake! Kar ku ji tsoro, tsohon ya tahi Tabotaki, sai gobe!"

Can a ƙarshe, bayan mayaƙa sun watse, jaki ya tako a hankali ya tsaya a tsakiya, ya dubi kamara.

Baba Jima ya ce, "Jonatan, ɗana, maido baya."

Jonatan ya maido. Aka sake jin Tabotaki.

Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Mansur. Wanga ma da gangan na?"

Mansur na tsaye a kan benci, tabarau ya zamo masa kan hanci. "Baba... wanga kam... kuskure na."

"Ka ce babu kuskure!" in ji ɗaki. "Mun shaida!"

"To... da gangan..."

Sanda ta tashi sama.

"A'a, Baba, ba da gangan ba! Wato da gangan na ga fim, amma kuskure na ga albasa!"

"Jakin hwa?" in ji Sulemanu. "Shi ma kai kac ce shi wuce?"

Mansur ya ga ba mafita sai ya kashe majigi. Ya yi tsalle daga benci, ƙafarsa ta harɗe waya, ya tafi da gudu bai shirya ba, ya rungumi allo. Zanen gado ya tsinke ya lulluɓe shi. Ya miƙe a ciki yana lalube, ya bangaji taga, tabarma ta faɗo, rana ta shigo ta haske kowa. Ya sami ƙofa ya fita a guje cikin farin zane, yara na binsa suna ihun fatalwa, Fiddausiya na kira daga baya, "Ka tsaya ka aje min zanena!"

A cikin ɗaki kuwa Baba Jima ya taka tsawon bencin nan har wancan ƙarshe. Ya tsaya gaban amininsa.

"Sule, na zalunce ka."

Sulemanu ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya share ido da bakin rawani. "Zamna, Jima, ƙahwarka na ciwo. Ni ba ni da magana. Wanda anka ɓata ma suna shina can ɗaure ƙohwar mai unguwa. Shi za a ba haƙuri."

Mai unguwa ya ce wannan shari'a ta yi. Da aka zaƙulo Mansur daga bayan buhunan gawayi, aka karanta masa hukunci: shi da rundunarsa za su sake dasa garkar su yi ta ban-ruwa har a cire, shi kuma ranar kasuwa zai ba jaki haƙuri a gaban jama'a.

Ranar kasuwa aka kawo jakin an yi masa wanka. Baba Jima da Sulemanu na zaune a tabarma ɗaya. Mansur ya durƙusa, ya cire hula.

"Ka yi haƙuri."

"Bai ji ba!" in ji jama'a. "Ka kira shi da girma!"

"Malam jaki, ka yi haƙuri. Na ɓata maka suna."

Jakin ya saurara da kunne ɗaya. Ya sunkuyo ya shinshina hular da ke hannun Mansur, ya karɓe ta, ya tauna a natse. Sannan ya juya masa baya, ya ɗaga kai ya yi kuka mai tsawo har da shessheƙa. Salula ta fi ashirin a sama, ana ɗauka.

Damisar Dutsen Buza ba a sake nuna shi ba. Amma hoton ban-haƙurin, wanda wani ya ɗauka daga bayan Mansur, ya zaga Buza da Keita, ya kai har Abijan, Aliyu ya bugo waya yana dariya ya kasa magana. Mansur in ya dawo daga ban-ruwa, taɓo har gwiwa, sai ya tarar da layi a rumfarsa. Ba mai tambayar na Sin, ba mai tambayar na Indiya. Kowa sai, "Tura min na jaki."

Wata rana wani falke daga Karofane ya miƙo salularsa. Aka tura masa, ya tsaya nan ya kalla, ya yi dariya har ya riƙe ginshiƙin rumfa.

"Don Allah, maigida, wane sakarai na wanga da ka roƙon jaki?"

Mansur ya dubi hagu, ya dubi dama. Jonatan na kan benci da gyaɗarsa, ya kafe shi da ido. Mansur ya gyara wuyan riga.

"Ɗan wasana na. Ni na koya mai aiki. Shi da jakin duka."

Falke ya sake kallo, ya girgiza kai. "Gaskiya jakin ya hi shi iyawa."

"E to," in ji Mansur, "shi ya hi daɗewa hannuna."